Itace, gawayi, gas ko lantarki: da me gidan Jos ya kamata ya yi girki?

Wanda ya bi ta Anguwan Rogo ko Gangare da sassafe a watan Disamba zai ga hayaƙi ya kwanta a kan rufin kwano, ba ya tashi sai rana ta ɗaga, domin sanyin dare na danne shi ƙasa. Hayaƙin masu ƙosai da masa ne, da na gidajen da ke ɗumama ruwan wankan 'yan makaranta. Wannan shi ne wanda ido ke gani. Tare da shi akwai iskar da ba a gani, wadda ke taruwa a sararin samaniya tana riƙe zafin da ƙasa ke mayarwa sama, kamar yadda bargo ke riƙe zafin jiki.

Uku ne manya a cikin irin wannan iska. Kabon dayoksaid ita ce kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ɗan Adam ke fitarwa, kuma wani kaso nata kan yi ɗaruruwan shekaru a sama. Kafin zamanin masana'antu yawanta a cikin iska kashi 280 ne cikin miliyan, yanzu ya haura 420. Metan ba ta wuce shekara 12 ko makamancin haka, amma kilo ɗaya nata yana ɗumama duniya kamar kilo 27 zuwa 30 na kabon dayoksaid idan an auna a shekara 100, kamar kilo 80 kuma idan an auna a shekara 20. Ta ukun, naitiros oksaid, ta fi fitowa daga takin zamani, ba ta da yawa a madafa. Sai kunkunniya, baƙin da ke manne wa tukunya da rufin ɗakin girki. Ita ba iska ba ce, ƙura ce, kwanaki kaɗan take yi a sama, amma tana zuƙar zafin rana sosai, kuma ita ce ke shiga huhun mai girki.

Gaskiya ɗaya ya kamata a faɗa tun farko. Duk nahiyar Afirka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na kabon dayoksaid da duniya ke fitarwa daga man fetur, kwal da gas. Ba murhun uwargida a Rikkos ne ya ɗumama duniya ba. Amma murhun nan shi ne ke cin kuɗin cefane, shi ne ke sa yara tari, shi ne kuma ke cin dajin da ke kewaye da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida na kashe mutum kusan miliyan 3 a shekara. Abin farin ciki shi ne, a wannan magana, zaɓin da ya fi sauƙi ga huhu da aljihu galibi shi ne wanda ya fi sauƙi ga sararin samaniya.

Ma'aunin da za a yi kwatance da shi

Kwatanta farashin buhun gawayi da na tukunyar gas kai tsaye ruɗi ne. Abin da ake buƙata shi ne zafin da ya shiga tukunyar miya, ba wanda ya zagaye ta ya gudu ba. Kowane makamashi na da yawan zafin da ke cikinsa, kowane murhu kuma na da iya abin da yake isarwa ga tukunya.

Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafi wajen megajul 46 (megajul ma'aunin yawan zafi ne), kuma kan gas mai kyau na isar da kusan kashi 55 cikin 100. Gawayi na da wajen 29, amma kurfoti na ƙarfe zalla kashi 20 zuwa 25 kawai yake isarwa. Busasshen itace na da wajen 16, murhun duwatsu uku kuma kashi 10 zuwa 15. Litar kananzir na da wajen 35, risho na isar da kusan 40. Yunit ɗaya na lantarki megajul 3.6 ne, murhun indokshon, wato na lantarki mai ɗumama tukunya ta hanyar maganaɗisu, na isar da kusan 85.

Idan aka buga lissafin, aikin da tukunyar gas mai kilo 12.5 za ta yi sai an ƙona gawayi kilo 45 zuwa 55 a kurfoti, ko itace kilo 130 zuwa 200 a murhun duwatsu, ko kananzir lita 22 zuwa 23, ko lantarki yunit 100 da 'yan kai a indokshon. A taƙaice domin riƙewa a ka: kilo ɗaya na gas daidai yake da gawayi kilo 4, kananzir kusan lita 2, lantarki yunit 8.

Da wannan kowa zai iya yin hisabin kasuwar ranar. A ce kilon gas naira 1,200 ne. To gawayi ba zai fi shi araha ba sai kilonsa ya gaza naira 300, wato buhu mai kilo 30 ya gaza naira 9,000. Kananzir sai litarsa ta gaza naira 670, lantarki sai yunit ya gaza naira 150. A canza lambobin da farashin yau, hanyar ɗaya ce. Sai dai a auna buhun a sikeli, domin buhu ba ma'auni ba ne, wani ya fi wani nauyi nesa ba kusa ba.

Gawayi: tsabta a madafa, ɓarna a daji

Yawancin masu girki na ganin gawayi ya fi itace tsabta, kuma a cikin ɗakin girki haka ne: idan ya kama, ba hayaƙi, ba hawaye. Amma hayaƙin bai ɓace ba, an riga an sake shi ne a daji. Mai gawayi yakan sare itatuwa, ya jera gungume, ya rufe da ciyawa da ƙasa, ya sa wuta ta riƙa cin su a hankali na kwanaki, iska kaɗan ke shiga. A irin wannan hanya ta gargajiya sai an ƙona itace kilo 5 zuwa 10 kafin a sami gawayi kilo ɗaya. Fiye da rabin zafin itacen, sau da yawa kashi biyu cikin uku ko sama, a can yake tafiya ba tare da ya dafa ko ruwan shayi ba. Kuma da yake wutar a shaƙe take, ba kabon dayoksaid kaɗai ke fita ba, har da metan mai yawa da kabon monoksaid.

Saboda haka gawayi kilo 50 ɗin nan da ke tsaye a madadin tukunyar gas ɗaya, a bayansa akwai itace kilo 300 zuwa 400. Idan aka haɗa abin da ya tashi a daji da wanda ya tashi a kurfoti, ana maganar kusan rabin tan na kabon dayoksaid, ban da metan. Tukunyar gas ɗin kuwa kilo 37 take fitarwa, domin kowane kilo na gas na ba da kusan kilo 3. Ko an ƙara na haƙowa da dakon tanka daga kudu zuwa Filato, da wuya ya wuce 50. Tazarar ta kai ninki goma.

Akan ji masu cewa ai itace sabuntuwa yake yi, wanda ya tsiro zai sake zuƙe iskar da wanda aka ƙona ya fitar. Maganar na da tushe, amma da sharaɗi: sai idan itacen ya sake tsirowa ya kai girman na da. Masu gawayi ba kowane itace suke so ba. Kirya da marke suke nema, masu nauyi da ƙarfin garwashi, kuma su ne masu jinkirin girma. Idan waɗannan suka yi ƙaranci sai a faɗa wa kaɗanya da ɗorawa. Kaɗanya kan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Wanda ya mayar da ita gawayin mako biyu ya raba matan ƙauye da man kaɗe na shekaru masu yawa, kuma idan wurin ya zama gona ko fili, iskar da ta tashi ta tashi kenan.

Duk da haka ba a banza mutane ke riƙe da gawayi ba. Ana sayensa da kuɗin da ke hannu, leda ɗaya ko roba ɗaya. Ba ya neman jari. Ba ya fashewa. Tsire da gasasshiyar masara kuma ba su da wani abokin aiki. Wanda dole ta sa zai ci gaba da shi, abu uku ne za su rage masa asara. Na farko ya bar kurfotin ƙarfe zalla ya koma mai yumɓu a ciki da 'yar ƙofar iska a ƙasa, irin wanda aka fara yaɗawa a Kenya a shekarun 1980. Yumɓun na hana zafi fita ta gefe, ƙofar kuma na ba da damar rage wuta idan miya ta tafasa. Irin wannan kan rage cin gawayi da kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ko fiye. Abin da ke kashe shi da wuri shi ne watsa masa ruwa yana da zafi, nan take yumɓun ke tsagewa. Na biyu, idan an gama girki a kwashe garwashin a zuba a gwangwani mai murfi, zai mutu da kansa ya zama gawayin gobe. Na uku, a duba kaya kafin a biya: gawayi mai kyau na da ƙara kamar ƙarfe idan an buga, karyayyen bakinsa na sheƙi. Wanda ya sha ruwa ya fi nauyi a sikeli amma zafinsa na tafiya wajen busar da kansa, kuma ƙasan buhu ne ake ɓoye gari da tsakuwa.

Itace

Abin da zai ba mutane mamaki shi ne, ƙona itacen kai tsaye ya fi mayar da shi gawayi sauƙi ga daji. Kilo 130 zuwa 200 ya fi kilo 300 zuwa 400 ƙanƙanta. Kabon dayoksaid ɗinsa kilo 200 zuwa 300 ne a kan wannan ma'auni. Inda ya fi kowa muni shi ne hayaƙi da kunkunniya, a fuskar mai tuƙa tuwo da jaririn da ke goye a bayanta.

Jos na da wata dama da garuruwa da yawa ba su da ita. An daɗe ana dasa itacen turare a filayen da aka yi haƙar kuza a kewayen Bukuru da Rayfield da sauran wurare. Shi idan an sare shi kututturen na sake fitar da rassa, cikin 'yan shekaru a sake sara. Itacen da ya fito daga irin wannan shuka, ko daga sassaben rassan mangwaro da darbejiya, shi ne wanda maganar sabuntuwa ta hau kansa da gaske. Ana iya tambayar mai itace daga ina kayansa suke, kuma ƙamshin turare ba ya ɓuya.

Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Sai an faskara shi an jera a kan dutse ko katako, iska na ratsawa, ya yi watanni a rani, kafin ruwan ya sauka ƙasa da kashi 20. A daminar Jos mai tsawo, wanda bai tanadi busasshe a ƙarƙashin rumfa ba, hayaƙi zai yi ta sha daga Yuni har Satumba.

Murhun da ke gyara lamarin shi ne mai bututu a tsaye: ƙofar itace a ƙasa, wajen santimita 12 faɗi, bututun wuta a kanta mai tsawon kusan ninki uku na faɗin, an kewaye shi da toka ko yumɓun da aka cuɗa da garin katako domin ya riƙe zafi. Itacen na hawa kan ɗan faranti, iska na bi ta ƙarƙashi, bakin itacen kaɗai ke ci. Idan aka ƙara wa tukunya zoben kwano da ke kewaye ta da tazarar santimita ɗaya, zafi na lasar gefenta maimakon ya watse. Murhu irin wannan na isar da kashi 25 zuwa 30, wato itacen ya ragu da rabi. Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa itace har ƙofa ta toshe: iska ta yanke, hayaƙi ya dawo. Siraran faskare uku ko huɗu sun isa, a riƙa tura su. Kuma a sani, rage itace da rabi bai mayar da iskar ɗakin mai tsabta ba. A waje ko a rumfa mai buɗaɗɗen gefe ya kamata a hura shi.

Wanda ke kusa da kasuwar Katako na da garin katako a araha. Ana danƙara shi a gwangwani kewaye da bututu biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, a zare su, a sa wuta a ramin, ya ci na awa biyu zuwa huɗu ba tare da kulawa ba. Shara ce da da ma ƙona ta za a yi. A guji garin filawud da na katako mai fenti ko magani, hayaƙinsu guba ne.

Gas

Gas daga ƙarƙashin ƙasa yake, kowane kilo da aka ƙona sabon kaya ne aka ɗora wa sararin samaniya, ba itacen da zai zuƙe shi. Wannan gaskiya ne. Amma kilo 37 ne a gaban kilo 500 na gawayi, kuma ba kunkunniya, ba metan mai yawa, ba hayaƙi. A girkin yau da kullum na gidan da ke cikin gari, a ra'ayinmu babu wanda ya kama ƙafarsa a yanzu. Kai ɗaya a matsakaiciyar wuta na cin giram 120 zuwa 200 a awa, wato tukunya mai kilo 12.5 na ba da awa 60 zuwa 100.

Jos na da abubuwa biyu da ke taɓa aikin gas, waɗanda mai sayar da murhu ba ya faɗa. Garin na bisa tsayin mita 1,200 da ɗoriya, iskarsa ta fi ta bakin teku sirantaka da kusan kashi 13 cikin 100. Murhun da aka saita a Legas kan iya ba da harshen wuta ja ko rawaya a nan, ya baƙanta gindin tukunya, alamar gas na tafiya bai ƙone duka ba. Maganin shi ne a buɗe ƙofar iskar da ke wuyan kan murhun kaɗan-kaɗan har wutar ta koma shuɗiya, a kuma goge 'yan ramukan kan da buroshi. Kada a bari mai gyara ya faɗaɗa ramin da gas ke fitowa da allura ko ƙusa. Wutar za ta yi girma, ja za ta ƙaru, tukunya ta ƙare da wuri.

Na biyu sanyi ne. Gas ɗin girki a Najeriya yawancinsa butan ne, wanda ke daina zama iska idan sanyi ya kai kusan digiri sifili. Jos ba ta kaiwa can, amma a asubahin hunturu ƙarfin turowarsa na raguwa, musamman idan tukunya ta kusa ƙarewa. Sai a ga wuta ta yi sanyi a ɗauka an cuce su a wajen cikawa. A ɗora tukunyar a kan katako maimakon siminti mai sanyi. Kada a kwantar da ita, kada a matso da ita kusa da wuta.

Tsoron fashewa shi ne ke hana gidaje da yawa, kuma tsoron na da dalili, amma haɗarin na da ƙofofi sanannu. Tukunyar gas na da shekarar ƙira a jikinta, wa'adinta a ƙa'idar Najeriya shekara 15 ne, ana sake gwada ta duk shekara 5. Mai tsatsa a gindi ko lotsewa ba ta shiga gida. Ba a cika ta maƙil, ana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar domin gas na kumbura da zafi. Nauyinta ba kaya na rubuce a wuyanta, don haka a auna kafin a cika da bayan an cika, ta nan ake gane ƙwange da kuma cikawar da ta wuce kima. Tiyo ya zama na gas, ba na ruwa ba, a ɗaure bakinsa biyu da ƙarfen matsewa, a canza shi duk shekara biyu ko da zarar ya fara tsattsagewa. Bayan kowace cikawa a shafa ruwan sabulu a mahaɗa, kumfa na nufin yoyo. Idan aka ji wari, a rufe regileta, a buɗe ƙofofi, kada a taɓa makunnin lantarki ko a ƙyasta ashana. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, saboda haka buɗe taga ta sama kaɗai bai wadatar ba.

Ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6 da ake ɗaura wa kai a bisa ita ce mafi sauƙin jari, kuma ta dace da ɗalibi ko sabon aure. Sai dai ba ta tuƙin tuwon gida ba ce: tsaye take, babbar tukunya na iya rinjayarta, kuma robar da ke mahaɗar kan na cinyewa saboda kwancewa da ɗaurawa. Gidan mutum shida ya daure ya sayi mai tiyo da murhun tebur. Tunda ana cika gas kilo ɗaya ko biyu, jarin farko ne kawai tudun da za a haye, kuma adashe na iya ɗaukar wannan.

Kananzir da lantarki

Kananzir ya fita daga sahun araha tun da aka janye masa tallafi a 2016. Lita 23 na fitar da kilo 57 na kabon dayoksaid, bai yi nisa da gas ba, amma ga tsada, ga wari, ga haɗarin wanda aka gauraya da fetur, ga yara da ke shansa a gorar ruwa. Risho ya zama na ko-ta-kwana.

Lantarki kuwa ya danganta da inda wutar ta fito. Wutar ƙasa yawancinta daga tashoshin gas take, sauran daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Yunit 100 na jawo kilo 40 zuwa 50, kusan kunnen doki da gas. Unguwannin da ke shan wutar kamfanin lantarki na NESCO, wanda ya fara aiki a 1929 da ruwan Kurra saboda ma'adinan kuza, girkinsu na lantarki kusan babu hayaƙi a bayansa. Amma idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareta domin a ƙarasa girki, lissafin ya kife: yunit 100 zai sha fetur lita 50 zuwa 70, kilo 115 zuwa 160 kenan, ga kuɗin mai. Ta fuskar farashi, da aka kai yunit naira 225 ga 'yan rukunin A, wato masu samun wuta awa mafi yawa a rana, a Afrilun 2024, yunit 8 ya zama naira 1,800, sai a gwada da kilon gas na ranar. Indokshon na jan wat 1,500 zuwa 2,000, ya fi ƙarfin ƙananan inbatar sola da wayoyin tsofaffin gidaje, kuma ba ya kama tukunyar alminiyam irin ta 'yan ƙira. Tukunyar da maganaɗisu bai manne wa gindinta ba, ba za ta yi zafi ba.

Gas ɗin kashin shanu na aiki ga mai shanun da ke kwana a garke ɗaya, amma ƙwayoyin da ke samar da shi sun fi son zafin digiri 35, suna yin sanyi ƙwarai idan ya sauka ƙasa da 20. A hunturun Filato sai an binne rumbun an rufe shi da kyau. Kuma shi metan ne, yoyo kaɗan ya isa ya cinye ribar.

Wake, ganda da ruwan wanka

Kafin a sauya makamashi, akwai inda yake zurarewa a kowane gidan Jos. Saboda tsayin garin, ruwa na tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100. Ƙara wuta ba ya ƙara masa zafi, tururi kawai yake ƙarawa. Shi ya sa wake da ganda da ƙafar sa ke daɗewa a nan fiye da Kano ko Lafiya. Tukunyar firesha, mai murfin da ke kulle tururi a ciki, na kai zafin ciki digiri 115 ko sama, ta rage lokacin da fiye da rabi. Firesha mai aiki da lantarki na dafa tukunyar wake da wajen rabin yunit, domin tana kashe kanta idan ta kai zafi, kuma ko an ɗauke wuta a tsakiya abincin na ci gaba da nuna. A nan ne lantarki ke doke kowa, har ga ɗan rukunin A. Kada a cika ta fiye da rabi idan wake ne, domin kumfa na toshe mafitar tururi, kuma robar murfin ce ke fara lalacewa.

Wanda ba shi da ita ya jiƙa wake tun dare, ya rufe tukunya da murfi mai kama baki, ya tafasa na minti 15 zuwa 20, sannan ya sauke ya sa a kwandon da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, ya rufe ruf. Bayan awa biyu zuwa uku ya nuna ba tare da wuta ba. Shinkafa minti 5 a wuta, minti 40 a kwando. Kada abinci ya wuce awa huɗu a ciki ba a sake tafasa shi ba.

Ruwan wanka ne babban ɓarawon da ba a lissafawa. Ɗumama bokiti mai lita 20 daga digiri 15 zuwa 45 na cin gas giram 100. Gidan mutum shida, giram 600 a rana, kilo 18 a wata, fiye da tukunya guda kafin a dafa ko gwate. Shi ya sa gas ke ƙarewa da wuri a Disamba da Janairu. Jarkar da aka yi wa baƙin fenti aka ajiye a rana, a inda iska ba ta kaɗawa, na wadatar da wankan yamma. Mai hali ya sa tankin ɗumama ruwa na rana a rufi, mai lita 150 zuwa 200, ya riƙa goge ƙurar hunturu daga jikin gilasan duk mako.

Kaskon wuta a ɗaki

Wannan ba maganar ɗumamar duniya ba ce, ta rai ce. Garwashi na fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ko launi, wadda ke kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. A ɗakin da aka rufe ƙofa da taga saboda sanyi, tana taruwa masu barci ba su sani ba. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi shi ma yana fitar da ita. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da mutuwar jiki, musamman idan sun kama mutanen ɗaki a lokaci guda. A fitar da su waje nan take, a kai su asibiti a sa musu iskar numfashi. Manja da madara ba sa cire ta daga jini. Kunna kan gas domin ɗumama ɗaki, ko ajiye janareta a baranda kusa da taga, duk hanya ɗaya suke bi. Gorar ruwan zafi a naɗe cikin tawul a ƙarƙashin bargo, da silin a rufin kwano, da safa da hula ga yara, sun fi kasko.

Wa ya dace da me

Gidan haya mai ɗaki ɗaya ko biyu a cikin gari, inda ake girki a baranda ko lungu: gas, da tukunyar firesha ko kwandon bargo domin wake. Gidan da ke samun wuta awa da yawa: gas ya zama uwa, firesha ta lantarki da butar lantarki su ɗauke dogon dahuwa da ruwan shayi. Babban gida mai tsakar gida da tukunya lamba 10 ko sama, ko girkin suna da biki: murhun itace mai bututu a waje, da busasshen turare, gas kuma na karin kumallo da ɗumame. Mai ƙosai da mai masa da ke wuta awa huɗu zuwa biyar kullum su ne suka fi kowa shan hayaƙi, kuma su ne jarin murhu mai kyau ke dawo wa da sauri.

Kafin a kashe kuɗi, a yi gwajin mako guda. A samo sikelin rataye, a auna gawayi ko itacen da aka ƙona kowace rana, a rubuta, a ware na ruwan wanka daban. A ƙarshen mako a raba kilon gawayin gida huɗu, ko na itacen gida goma sha uku, abin da ya fito shi ne kilon gas ɗin da gidan zai buƙata a mako. A yi gwajin sau biyu, ɗaya a Janairu ɗaya a Afrilu, domin lissafin gidan Jos a hunturu daban yake da na bazara.